Fararen Duwatsuna a Bakin Ruwan Zafi

Unguwar Misfala, Makka, daren 9 ga Rajab, 1385

Yanzu muka dawo, raina a ɓace. Shekara talatin ina kai masu ciwon gaɓɓai ruwan zafin nan na hanyar garin Lis. Ni na jera fararen duwatsu a gefen da ruwan ke dafa ƙwai, don kowa ya kiyaye. Da hukuma da Larabawan ƙauyen suka fara rigimar filin, sai wani ma'aikacin hukuma ya kwashe duwatsun, wai jera dutse iƙirarin mallaka ne. Mallakar me? Ga shi Malam Sani, baƙonmu Bakatsine, ya zura ƙafa a wurin, fata ta saɓule. Da na yi faɗa, ma'aikacin ya ce, "Ya Hajji, ina iƙamarka?" Wato takardar izinin zama a ƙasar, ni kuwa ba ni da ita. Jibi zan koma in mayar da duwatsuna. In kora ce, su kore ni, amma su bar duwatsun.