Abin da Ke Bayan Kafaɗata

Llallagua, Litinin

Zuwa ga matata Basilia,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Marcelina. Yaya kasuwar Cochabamba, yaya ƙafar taki?

Hankalina ba a kwance yake ba. Watannin baya wata mai ɗaukar hoto ta zo daga La Paz, ta roƙe mu ta shiga raminmu na kuza. Ni shugaban ayari, ni na yarda, har na gyara hular kwano ina wani bubbuɗawa. To, an liƙa hotunan a zauren gari. Baƙi suna tsayawa gaban nawa suna cewa a dubi gumi, a dubi hannun ma'aikaci. Mahaƙa kuwa ko kallon fuskata ba su yi ba. Bayan kafaɗata suka duba, inda fitilarta ta haska bango, ga jijiyar kuzar da muka sha wuya kafin mu samu, baƙa wuluk, mai kauri kamar cinya. Katakon tokare da launin dutsen kuma sun faɗa musu wane hawa ne na ramin.

Mun ɓoye ta ko ke ban gaya wa ba, sai ga ta a bangon zaure. Sabino, shugaban wani ayarin, aminina da ya riƙe Marcelina ranar baftisma, ya dafa ni yana tauna ganyen koka, ya ce, "Kai mutumina, ka yi kyau! Amma bangon ya fi ka kyau." Na yi dariyar yaƙe.

Yanzu ayarinsa suna haƙowa ta ɗaya gefen. Muna jin gudumarsu a cikin dutse, kullum tana matsowa. Ba ma gaya musu lokacin da za mu kunna nakiya, su ma ba sa gaya mana. Ina jin tsoro, Basilia. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Eleuterio

Llallagua, Asabar

Basilia tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida yarinya. Lafiyata ƙalau, kada ki tashi hankalinki.

Jiya muka cusa nakiya a bangon. Da ta tashi, da mun riga su ga jijiyar. Ashana na hannuna, sai na ji gudumar dab da kunnena, har da tarin mutum. Tarin Sabino ne, ko a cikin dubu zan gane shi. Fermín mai riƙe injin huda ya daka mini tsawa, "Kunna mana, malam! Su suka kawo kansu, mu muka aike su?" Sai na zare igiyar nakiyar, na buga bangon da guduma don su san da mutane.

Kafin a tashi aiki suka ɓullo. Shugabannin ƙungiyar mahaƙa sun yanke a raba jijiyar biyu. Sabino bai iya haɗa ido da ni ba. Mutanena sun zauna ba tare da ni ba, suka ce wanda ya sayar da su don hoto, ya kuma ƙi kunna wuta, ba zai ƙara shiga rami da su ba. Ban yi musu gardama ba, su ma da 'ya'ya.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban yi nadamar ashanar nan ba. Don Allah ki tambaya mini ko ana neman ɗan dako a kasuwarku.

Ni ne mijinki mai kewarki,
Eleuterio