Farantin Zauren Karakkai

Gusau, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗiyata Bara'atu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya karatu, ya sanyin ƙasar Sin? Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Hotunan da kika turo wa yayanki Sabiru daga gidan tarihi sun hana ni sukuni. Farantan nan farare masu shuɗin zane, da macijin nan mai ƙafafu, sak irin wanda kakanku ya zo da shi daga Makka ya manna a rufin zaurenmu na Karakkai. Kin ce masa a zamanin manyan sarakunan Sin ana rubuta sunan sarki a gindin faranti, da za ki ga gindin namu da kin faɗi shekarunsa. To gindin yana cikin laka. Tun daga ranar Sabiru ba shi da zance sai zuwa ciro farantin, wai shi kaɗai ya rage mana na gidan mahaifinku.

Kin san abin da ya kore mu, hanyar kuma ba ta gyaru ba. Don Allah ki kira shi ki ce faranti ne na banza. Ke yana jin maganarki.

Mahaifiyarki,
Wasila

Gusau, ranar Alhamis

Bara'atu,

Ina gaishe ki, da fatan kin samu sauƙin kukan. Kada ki ɗora wa kanki, na san kin kira, wayarsa ce ba ta shiga ba.

Malam Yakubu direban da ya kai shi, wanda ya tsira, ya ce Sabiru ya jiƙa lakar da ruwa, ya yi ta ƙwaƙula da cokali don kada ya fasa. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare su. An yi jana'izarsa a Bungudu. Farantin ya iso naɗe cikin rigarsa, ko tsaga babu.

Na wanke gindin. Akwai rubutun, shuɗi, ƙanana. Na daɗe ina kallo, karatuna bai kai nan ba. Na kwaikwaye shi a ƙasan takardar nan yadda hannuna ya iya. Ki karanta ki faɗa mini sunan sarkin. Ina so in san sunan wa ɗana ya je ɗaukowa.

Ki riƙa cin abinci. Allah ya maido mini ke lafiya.

Mahaifiyarki,
Wasila