Tokar Gidan Yayanku

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ni Barakatu, matar marigayi Malam Sirajo na Dauran, mazauniyar Ƙaura Namoda, na rubuta wannan da hannuna, da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini rowa, amma hankalina yana nan daram, kuma ba wanda ya tilasta ni. Zuwa gare ku ɗiyana huɗu: Yayanku, da Mainasara, da Salma, da auta Jamilu.

Na ɗaya. Ba a bina bashi, ni ma ba na bin kowa. Gidan nan da awaki da ɗan abin wuyana, a kira malami ya raba muku yadda Allah ya raba. Sulusin da shari'a ta ba ni iko a kansa kuwa, a sayi gero da dawa da shi a lokacin kaka. A ajiye, kada a taɓa sai damina ta yi nisa, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Da shi za a riƙa cika kwanonin da nake aikawa gidajen unguwa kowace yamma.

Na biyu. Salma, babbar tukunya da kwanonin nan na bar su a hannunki, kuma yau zan gaya miki abin da ya sa nake roƙon toka. Kun sha yi mini dariya a kanta. Jamilu ne ma ya laƙaba mini Sarauniyar Toka, ya ce ko miyar garin nan duka zan kaɗa da ruwan toka ba zan ƙarar da tsibin da ke bayan garken awaki ba. Gaskiyarsa, ban taɓa bukatar rabinta ba.

Kun san al'adarmu. Idan aka aiko maka da tuwo, ba ka mayar da kwano wayam. Ko ƙwai ne, ko gyaɗa, ko ɗan ƙullin daddawa, sai ka saka. A shekarun wadata wannan zumunci ne mai daɗi. Amma da 'yan bindiga suka kori mutanen ƙauyukan Zurmi da Shinkafi daga gonakinsu, suka cika Ƙaura, sai na lura gidan da ya fi kowa bukata shi ne ke dawo mini da tuwo ba a taɓa ba, a ce an gode, an riga an ci. Ba su da abin sawa a kwanon, kunya ta hana su karɓa. Haka Karima, wata baiwar Allah daga wajen Moriki, ta riƙa dawo mini da shi, ni kuma na ɗauka girman kai ne, na daina aikawa. Ba a jima ba na je mata gaisuwar rasuwar ƙaramar ɗiyarta. Ana cewa zazzaɓi ne, amma na ga hannuwan sauran yaran, na kuma ga murhun da kaza ta yi wa makwanci. Har yau in na tuna zuciyata ba ta yi mini daɗi.

Tun daga ranar nake cewa a gaya wa matar gida ta taimake ni da toka a kwanon, kanwa ba ta karɓar cikina. Sai su karɓi tuwon da sakin fuska, don su ma sun yi mini alheri. Daga baya tokar ta zama mai ba ni labari. In ta zo da ɗumi, an hura wuta yau. In ta zo da sanyi, wutar jiya ce. In ta zo rabi ƙasa ce, to an kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, sai in ƙara malmala a kwanon gobe ba tare da na ce komai ba. Ki ci gaba da roƙon toka, Salma, kuma ki sa hannunki a ciki da kanki kafin a zubar.

Na uku. Jamilu, ina jin ka a rediyo kana bayani a kan yunwar da ta addabi duniya, kana lissafa ƙasashen da ban iya faɗin sunansu ba. Allah ya yi maka albarka, ka ci gaba. Amma ka ƙara musu da abin da tsohuwarka ta gani: mai yunwa a ƙasarmu yakan wanke rigarsa ya zo masallaci sahun gaba, in ka tambaye shi ya ce alhamdulillahi. Wanda ya tsaya jiran a roƙe shi, sai dai ya je jana'iza. Ka kuma roƙi masu rabon hatsi su daina jera mutane a rana ana ɗaukar su hoto da buhu a ka, don na san magidantan da suka gwammace su kwana haka nan da a gan su a layin. Ke ma Salma, kina auna dantsen yara a asibiti, kin fi ni sanin yadda abin ke ƙarewa. Ki faɗa wa mata a wurin suna da biki da makarantar Islamiyya, kowace ta san halin murhun gidan da ke kusa da nata.

Na huɗu. Mainasara, Allah ya buɗa maka. Motarka tana lodin hatsi daga kasuwar Shinkafi zuwa kudu, ban taɓa yi maka baƙin ciki ba. Ka fitar da zakka a kan lokaci, ka kuma riƙa sauke wani abu a gidan nan kafin ka wuce. Amma ba wannan ya hana ni barci ba. Ranar da Yayanku ya iso daga Dauran da iyalinsa a ƙafa, an ƙone rumbunan gandu a bayansa, kai ka ce masa a gaban mutane wai ya gudu ya bar wahalar ubanku ta zama hayaƙi. Na san zafin asara ne ya sa ka, bakinka kuma tun kana yaro yake riga hankalinka. Shi kuwa ya rantse ba zai ci ƙwayar hatsinka ba, ga shi da taurin kai irin na ubansa. Ina zaune a wurin ban ce uffan ba, saboda shi ɗan fari ne, ba a san uwa da shigar masa ba. Na yi nadamar shirun nan.

Ka je ka same shi, kai ne ƙarami. Kada ka je da buhu, zai mayar maka da shi. Gonar da ka saya a bayan gari tana nan ciyawa ta cinye. Ka roƙe shi ya taimake ka ya noma ta ku raba, don kai ba ka san kan ƙasa ba, wannan kuwa ba ƙarya ka yi ba. Ka ba shi abincin aiki tun kafin shuka. Rantsuwarsa kuma malam ya nuna masa yadda zai yi kaffara.

Na biyar, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Na tambayi malam ko zan iya ware wa Yayanku wani abu daga sulusin, ya ce ba a yi wa magaji wasiyya. Don haka abin ya rage a hannunku. Shi ba ya karɓar tuwon kowa sai nawa, kuma nawan ma sai don ina roƙon toka. Duk sadda matarsa Saudat ta zo gaishe ni sai ta ce, "Inna, lahiya lau muke, mun ci mun ƙoshi." Tokarsu kullum tana zuwa da ɗumi, har na saki jiki. A watan jiya ne na kai ta hancina, na ji ƙaurin kitse da ƙamshin yaji. Gidan da ko man miya ba shi da shi, ina ya ga kitse? Tokar mai tsire ce na bakin tasha. Saudat ta gane dabarata, shi ya sa take zuwa ta roƙo mai ɗumi don kada in sani. Kwanon nan guda shi ne abincinsu, su da yara, kuma hannun da ke aika shi ya kusa kwanciya.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya sa kada ɗayanku ya ƙoshi ɗan'uwansa yana juyi a tabarma. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna, kada rabon gado ya raba ku.

Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa tambayarsa a gaban mutane ko ya ci abinci ba. An ce kunya ce, na bi, na kuwa cuci kaina da shi. Yau zan rubuta, kuma a karanta da ƙarfi yana zaune. Armiya'u, ɗana, na san kana jin yunwa. In ƙannenka sun kawo maka kwano bayan raina, ka karɓa, daga hannuna ya fito.