Ƙyale-su da Rigar Badaru

Dingyadi, Litinin

Zuwa ga Yaya Zainulabidin,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya kai da Hasiya da yara. Ban yi waya ba don gidanga dangar kara ce, ko tari na yi sai an ji.

Ga Ƙyale-su nan na ba Nura direba ya kawo ma, karen marigayi maigidana. Tunda kai ne ka bar aikin duba lahiyar dabbobi ka koma tara karnukan da mutane sunka ƙi, ka haɗa da wanga. Tun ranar Juma'ar da rijiyar lambu ta rufta wa maigidana, karen nan bai sake lahiya ba. Ba ya taɓa kowa, amma da ya hangi Badaru, ƙanen marigayi, sai ya auka mishi. Badaru ya ce haukan kare ne, ya kira maharbi. Ni na ɓoye shi a rumbun albasa.

Yaya, ina cikin takaba, bai kamata in zargi kowa ba. Amma karen nan ne kaɗai ya bi maigidana lambu ran nan, kuma Badaru ne ya fara kai labarin gawa. Zuciyata ba ta kwanta ba.

Ƙanwarka,
Zulaihatu

Shagari, Lahadi

Zulai,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan maigidanki Sodangi, ya ba ki haƙuri.

Baƙonki ya iso, ya kuma yi wa Nura fitsari a mota. Ba mahaukaci ba ne. Yana shan ruwa, idonsa garau, kwana shida ke nan. Na ɗaure shi nesa da sauran, a gindin dogonyaro. Kullum in zauna kusa da shi in ba shi baya, ina gyaran igiya, ba na kallon idonsa. Ran na huɗu ya ci tuwo a hannuna. Hasiya ta ce da ita nake lallashi haka da tuni ta yi ƙiba.

Sai dai akwai abu guda. Haƙarƙarinsa biyu sun taɓa karyewa, kuma ba tsohon rauni ba ne. Wannan aikin sanda ne, ba faɗuwa ba. Kada ki ce komi tukun. Ki samo mini rigar Badaru wadda ba a wanke ba, in ga abin da zai yi in ya ji warinsa.

Yayanki,
Zainulabidin

Dingyadi, Laraba

Yaya,

Bayan gaisuwa, ga rigar. Ba sai na sato ta cikin wanki ba. Zahra'u matar Badaru ce ta ba ni tsumma in goge tukunya, ina warwarewa na ga farar shaddarsa ta Juma'a ce, sabuwa fil, bakinta ya yage kaca-kaca da haƙoran kare. Na tambaye ta, ta ce tun ranar rasuwa ya cusa ta bayan buhuna, ya hana a ɗinke.

To wa ke ɓoye riga in ba shi da abin ɓoyo? Sau uku yana tambayata ko karen ya mutu. In ya zo gaishe ni, ƙasa yake kallo. Mutumin da ke cin tuwo malmala uku, yanzu rabi ke dawowa. Kuma kowa ya san sun yi cacar baki da wansa kan iyakar lambu.

Takabata za ta cika Juma'a ta sama. Wallahi ina fita gidan hakimi zan nufa da maganar nan, ko da zamana a gidanga ya ƙare ke nan. Tsoro nake ji, Yaya, kwano guda 'ya'yana ke ci da shi.

Zulaihatu

Shagari, Asabar

Zulai,

Salamu alaikum. Ki dakata da zuwa gidan hakimi har ki karanta wagga.

Na sa rigar, na naɗe ƙafafuna da buhu, na kwance karen. Ya taso da gudu. Bai nemi ƙafata ba. Bakin rigar ya kama, yana ja da baya yana kuka. Na ɗaga hannu kawai, ya kwanta yana makyarkyata, amma bai saki ba. Sai na ce bari in bi shi. Ya ja ni har bakin rijiyar bayan gida, ya saki, ya leƙa ciki, ya dube ni, ya sake leƙawa. Sau uku na gwada, ranaku daban, duk haka.

Shekara talatin ina ganin cizon kare. Mai son cizo nama yake nema. Ki tuna da kyau, duk aukawar da yake yi, ya taɓa fidda wa Badaru jini?

Ban san abin da ya faru ran nan ba, kuma ban wanke kowa ba. Ki miƙa wa Badaru takardar nan hannu da hannu, ki ce ina jiran amsa.

Yayanki

Dingyadi, Lahadi

Zuwa ga Malam Zainulabidin,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa. A gaban Yaya Zulai nake rubuta wannan.

Ran nan na fito za ni masallacin Juma'a, karen ya kama mini riga. Na kore shi, ya dawo. Na ga miyau da laka a sabuwar shadda, na ɗauki ƙotar fartanya na buga mishi. Na koma na sake riga, na tafi salla. Sai da anka sallame ban ga Yaya Sodangi a sahu ba, sannan na bi karen har rijiyar lambu. Na iske Yaya ya cika, ƙasar iya ƙirjinsa ta tsaya, jikinsa da sauran ɗumi.

Karen ba hauka gare shi ba, ni ne ba na iya kallonsa. Ban roƙi kowa gafara ba tukun, ban san ta ina zan fara ba. A maido shi gida, ni zan riƙa ba shi abinci, ka koya mini yadda ake zama kusa da shi.

Naka,
Badaru