Surukina Ya Ba Ni Bindigarsa, Ni Kuwa Bahago Ne

Tita Remedios,

Don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zai sa a daina ajiye mini kujera a gidan surukaina ran Lahadi. Na haura arba'in, ina aikin ofis a wani kamfanin abincin kaji a nan garin Lipa, ƙasar Filifin. Kowace yamma nakan rubuta yadda yinina ya kasance, amma kwanan nan duk shafin da na buɗe magana ɗaya ce, har ni kaina na gaji da karanta kaina.

Surukina, Tatay Ambo, tsohon soja ne. Yana da bindigar hannu irin ta dā, mai cin harsashi lamba arba'in da biyar, wadda ake kira 1911, ƙarfe zalla. Mahaifinsa ne ya riƙe ta a daji zamanin yaƙin Japan. Ranar da ya cika tamanin, ana tsakiyar shan romon ƙashin saniya da muke kira bulalo, ya miƙo mini ita a gaban kowa, ya tsallake ɗansa na cikinsa, Kuya Rodel. An yi takardu, lasisi ya dawo sunana. Na yi murna, kuma har yau ban san dalilin da ya zaɓe ni ba.

Matsalar ita ce ni bahago ne. 'Yar sakatar da ke hana bindigar tashi a gefe ɗaya take, daidai inda babban yatsan dama yake kaiwa. Ina da tawa ta zamani mai jikin roba, wadda ba ruwanta da hannun da ka ɗauke ta. A kulob ɗinmu na harbi “kwanon awo” suke ce mata, kuma da kwanon awon nan ba na jin kunya.

Ba na musun cewa tsohuwar tana da daɗi. Mariƙinta siriri ne, nauyinta yana shanye bugun harsashi, kunamarta kuwa ba ta ja-in-ja da yatsa. Tatay yakan ce, “Taɓa ka ji, anak, ɗana. Shekara ɗari da ɗoriya, har yanzu kwaikwayonta suke yi.” Rabin kulob ɗin irinta suke riƙewa, kuma kowa ya sauya wa tasa wani abu, tunda kayanta ko'ina akwai. Mang Tibo, maƙerin da ke gyara mana, ya ce sa mata sakata mai gefe biyu aikin yini ɗaya ne. Da na faɗa wa Tatay sai ya ajiye kofinsa ya ce, “Wanda ya goga mata zarto ni ya goga wa. Hannunka na dama fa, jingina ka ba da shi?”

Na koma koyo da dama. Tita, kamar a ce ki yi rubutu da ƙafa. Kuya Rodel, wanda ya sauya wa tasa komai ban da lamba, yakan tsaya a bayana yana cewa, “Bayaw, mijin ƙanwata, allon maƙwabcinka kake hudawa, sadakar maki kake yi?” Matata Leonisa ta ce ita ba ta shiga rigimar maza a kan ƙarfe, in je mu daidaita da ubanta.

Yanzu kuma Tatay ya sa sunana a gasar bikin gari ta watan gobe, rukunin tsofaffin bindigogi, bai tambaye ni ba. Ya gaya wa unguwa kaf, har da limamin coci. Lahadin da ta wuce na gwada ta da hagu a filin harbi, ina laluben sakatar, bakin bindigar ya karkace daga inda ya kamata. Mai kula da filin ya daka mini tsawa ya fitar da ni daga layi. Gaskiyarsa ce. A gaban Tatay aka yi.

Shin in kai wa Mang Tibo a ɓoye? In mayar wa tsohon da kayansa? Ko in ce zazzaɓi ya kama ni ranar gasar? Wataƙila ma ni ne mai rauni, wani ya fi ni cancanta da ita. Na gaji wallahi.

Bahagon Lipa

*

Ɗana Bahago,

Mu fara da abin da ba ya jiran ra'ayin kowa. Mutumin da ke laluben sakata ba ya shiga layin harbi, ko a gasa ko a atisaye. Akwai 'ya'yan mutane a gefenka. Yadda bindigar take a yanzu, ba za ka yi gasar nan da ita ba, kuma wannan ba rauni ba ne.

Dabarunka uku kuwa duk ka watsar. Gyara a ɓoye zai gane shi tun daga bakin ƙofa, domin ya fi sanin bindigar nan a kan fuskar jikokinsa. Mayar masa da ita cin fuska ne. Zazzaɓin ƙarya kuma baɗi ma akwai biki.

Ka yi wa tsohon adalci. Masu son irin wannan bindiga ba santsin kunama kaɗai ya riƙe su ba. Da yawansu hannun iyayensu suke ji a mariƙinta. Wanda ya kai tamanin ya ga abubuwansa da yawa an sauya su ba a tambaye shi ba. Amma shi ma ya yi kuskure: ba a ba mutum kyauta sannan a zaɓa masa hannun da zai riƙe ta.

Ka same shi shi kaɗai, ba Rodel, ba taro. Ka ce masa tsawar nan ta tsorata ka, kuma ba za ka yarda a kori bindigar mahaifinsa daga fili a gaban jama'a ba. Soja ya san wannan magana. Daga nan ka roƙe shi ya raka ka wajen Mang Tibo, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Na tuntuɓi wani maƙeri, ya ce galibi sabuwar sakatar ake gogewa ta zauna, a canza katakon mariƙi, a adana na asali yadda za a iya mayarwa. Amma tsohuwar bindiga sai an gani da ido, don haka kada ka yi alkawarin abin da Mang Tibo bai tabbatar ba.

In ya ƙi, shi ke nan. Ta zauna a akwatinta a kulle, ku riƙa goge ta tare, ka shiga gasar da taka a rukuninta. Zai yi fushi mako biyu, Leonisa kuma ta daina noƙewa ta taya ka lallashi, ubanta ne.

Batun cancanta kuwa, ka bar shi. Shekara nawa mutumin nan yana zaune yana kallon hannun da kake ɗaukar cokali da shi? Yana sane sarai, kuma kai ya miƙa wa. Allah ya daidaita tsakaninku, ya tsare hannunka da na gefenka.

Tita Remedios