Kalmasar Rigar Witold

Nidzica, 9 ga Oktoba, 2005

Mama,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwarki ta yi sauƙi. Ɗanki Witold da jikokinki, Kalina da Jagna, suna gaishe ki. Na zaɓi takarda ne don na san kunnenki da waya ba sa shiri.

Alfarma nake nema. Kin san shekara goma sha ɗaya ke nan Witold yana zuwa filin Grunwald duk watan Yuli, inda suke kwaikwayon yaƙin nan na shekarar 1410. Shi yana cikin sansani da sulkensa da kwalkwalinsa, mu kuwa muna bayan igiya tare da 'yan kallo da masu sayar da tsiran alade. Dokarsu ita ce ba mai shiga sansani sai wanda komai na jikinsa, daga ɗankwali har takalmi, irin na wancan zamanin ne. Bana Jagna ta riƙe igiyar tana kuka tana kiran babanta, ga shi taku goma tsakaninsu, amma ba damar ta je.

Na yi wa kaina alkawari Yuli mai zuwa mu huɗu za mu kwana a tantinsa. Na yi lissafi. Yadin ulu, zuloti ɗari takwas da arba'in. Lilin na rigunan ciki da ɗankwali, ɗari uku. Takalman fata ƙafa uku, ɗari huɗu da hamsin. Ɗamara da akusa da cokulan katako, ɗari biyu da ɗan wani abu. Idan na cire ɗari biyu duk wata daga albashina na kicin ɗin makaranta, wata tara ya isa. Na ajiye ambulan huɗu a gwangwanin shayi, kowace da sunan abin da za ta saya. Na daina hawa bas, nama kuma sai Lahadi.

Kuɗin tela ne ba ni da shi. Za ki ɗinka mana?

'Yarki,
Bogna

Zgierz, 20 ga Oktoba, 2005

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu.

Bogna 'yata,

Na sami wasiƙarki, na karanta sau biyu don na ɗauka tabarau ne ke yaudarata. Zuloti dubu ɗaya da ɗari takwas don ku yi shigar talakawan da suka mutu shekara ɗari shida da suka wuce! Uwata ta yi wannan rayuwar da gaske, da cokalin katako da fitilar kananzir, kuma ranar da aka ja mata lantarki kuka ta yi don murna. Ku kuwa kuna hana yara nama don ku koma can.

Shi kuma ɗan nawa, ƙato mai shekara arba'in da ɗaya, makaniken bas, duk Yuli sai ya je ya zube a ciyawa wai ya mutu. Ko ɓangaren da ya ci yaƙin ma bai zaɓa ba. Marigayi ubansa har ya koma ga Allah bai gane wannan abu ba, ni ma ban gane ba.

Amma shekara talatin da biyar na yi a kan keken ɗinki a masana'antar riguna, ba zan zauna wani tela ya taɓa jikokina da almakashi ba. Ki aiko yadin da awon kowa. Tambaya ɗaya dai: me ya sa sai Yuli mai zuwa? Filin ba zai gudu ba.

Allah ya tsare ku,
Halina

Nidzica, 14 ga Maris, 2006

Mama,

Barka da shiga azumin Kirista, da fatan sanyi ya fara sakinku. Ga yadin nan a kwali. Shuɗi na Kalina ne, ja na Jagna, ruwan ƙasa nawa, toka-toka kuma sabuwar riga ce ta Witold, don tsohuwar ta yi masa yawa. Kin gan shi da Kirsimeti, kin ga yadda ya rame. Har yanzu yana hutun aiki.

Sai da na sha wuya kafin kuɗin ya cika. A Janairu tukunyar ɗumama gida ta lalace, na kwashe ambulan ta takalma na biya. Na mayar da kuɗin da sharar wani ofis duk Asabar. Kalina da kanta ta ce ta yafe tafiyar da ajinsu zai yi zuwa Krakow, a zuba kuɗin a gwangwani. Na karɓa, amma ban iya kallon idonta ba.

Na saka takarda daga Roch, aminin Witold, wanda ke duba kayan kowa a ƙungiyarsu kafin a shiga sansani. Don Allah ki bi ta. Ɗinkin hannu ne kaɗai, da zaren lilin ɗin da na haɗo, ba zif, ba roba. Mama, wannan yadin shi ne duk abin da muka tara, ba kuɗin sayen wani.

'Yarki,
Bogna

Zgierz, 8 ga Mayu, 2006

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu.

Bogna,

Ga kayanku. Ki buɗe ki gani, ba yabon kai ba, tun da na yi ritaya ban yi aikin da ya kai wannan ba. Ko layi ɗaya bai karkace ba.

Na ga takardar Roch ɗin nan naku, wai ɗinkin hannu. Wanda ya rubuta ta bai taɓa ɗinka wa yarinya mai shekara bakwai riga ba. Jagna da ke hawa bishiya kamar akuya, kwana ɗaya za ta farke ɗinkin hannu. Na bi komai da keke sau biyu, da zare mai ƙarfi, na daje bakin yadin don kada ya zare. Na saka ɗan zif a bayan rigunan yaran, na ɓoye shi yadda ko mai duba kaya ta masana'antarmu ba za ta gano ba. Zaren lilin ɗinki yana nan a aljihun tebur, na ajiye miki.

Ki ce wa Witold ya ci abinci. Awon da kika aiko na ƙugunsa ya ba ni tsoro, wannan olsa da kuka ce tana damunsa ta isa haka.

Allah ya tsare ku,
Halina

Nidzica, 21 ga Mayu, 2006

Mama,

Ina gaishe ki, kuma na gode da wahalar da kika sha. Rigunan sun yi kyau ƙwarai, Jagna ta ƙi cire tata har lokacin cin abinci. Sau uku ina fara wannan wasiƙar ina yagewa.

Jiya Roch ya zo. Bai ma kalli gaban rigar Jagna ba, ƙasanta ya kama ya juya, kamar yadda suke yi wa kowa a bakin sansani. Sai ya ce, “Bogna, wa ya yi wannan? Hannu ne na gwani, amma keke ne.”

Na ce, “Haba Roch, wa zai tsaya leƙen ƙasan rigar yarinya?”

Ya ce, “Ni. In ma na kawar da kai, na bakin ƙofa ba za su kawar ba. Bara matar shugabanmu aka mayar saboda zif. Kina so a mayar da Jagna a gaban mutane?”

 Witold ya shafa rigarsa ya ce ɗinkin mamansa ko a duhu zai gane shi, ya tashi ya shiga ɗaki.

Saura mako bakwai. Ni ban iya ɗinki ba, gwangwanin kuma ba komai ciki sai ambulan. Ban san abin da zan roƙe ki ba.

'Yarki,
Bogna

Zgierz, 27 ga Mayu, 2006

Bogna,

To, madalla. Shekara talatin da biyar ba a taɓa dawo mini da riga ba, sai yau da wani mai gemu da takobin wasa ya ce aikina ya yi kyau da yawa. Mako bakwai na yi a kan kayan nan da gwiwa mai ciwo. Yatsuna ko maɓallin rigata da ƙyar suke sakawa, kuma kuna so in warware riga takwas in bi su da allura?

Ku tsaya bayan igiya kamar masu hankali. In wasan ya dame ku, ku sake tarawa ku shiga baɗi.

Halina

Nidzica, 2 ga Yuni, 2006

Mama,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa.

Kin tambaye ni tun Oktoba me ya sa sai wannan Yulin, na ƙi amsawa. Ba olsa ba ce. Ciwon daji ne, a ciki, tun Satumba aka gano. An yi masa magani zagaye shida. Likita ba ta yi mana alkawarin baɗi ba, ta ce mu yi abin da muke so mu yi yanzu da yake iya tsayawa da ƙafarsa.

Shi ya hana ni faɗa miki. Ya ce shekara biyu kacal da binne Baba, zuciyarki ba za ta ɗauka ba. Na yi masa alkawari, yau na karya, kuma zan gaya masa da bakina.

Ranar da muka dawo daga asibiti na tambaye shi abin da yake so. Na ɗauka zai ce teku, ko Roma. Sai ya ce, “So nake in farka a tanti in ji yaran suna faɗa a kan cokali.” Ya ce shekara goma sha ɗaya yana hura wuta shi kaɗai yana hango mu ta bayan igiya, kullum yana cewa baɗi.

Ni ma ban damu da 1410 ba, Mama. Da za a bar mu mu shiga da buhun dankali a jiki, da tuni na saka. Ina jin tsoro, kuma na gaji da jin tsoron ni kaɗai. Ba don rigunan na faɗa miki ba. Ɗanki ne, ya kamata ki sani.

'Yarki,
Bogna

Zgierz, 19 ga Yuni, 2006

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu.

Bogna 'yata,

Na gode da kika bar mu ni da shi a kicin ranar da na zo. Abin da muka faɗa wa juna namu ne. Ban yafe muku wata taran nan ba tukuna, amma ba ni da lokacin fushi yanzu.

Kwalin rigunan da na dawo da shi daga wurinku na warware shi kaf. Kwana huɗu ina farke ɗinkin da na fi alfahari da shi, kuma don na bi shi sau biyu, ni na ji a jikina. Tururin guga ya rufe ramukan allura, ulun naki mai kyau ne, ba a cuce ki ba.

Na kira matan layinmu na masana'anta, mu shida. Danka ta ce, “Halina, rabona da allurar hannu tun ina 'yar aji huɗu, yanzu da tsufa za ki mayar da ni baya?” Na ce ta zauna ta rufe baki. Da na gaya musu dalili, kowacce ta ɗauki allura. Kullum ƙarfe tara suna nan da kofinsu da tabarau. Ɗinkinmu ya karkace kamar na 'yan koyo, Danka ta ce ai haka mai gemu yake so.

Lissafinki akwai kuskure: kin ƙirga mutum huɗu, mu biyar ne. Kada ki taɓa aljihunki. Zanen gadon lilin da uwata ta saƙa da hannunta ya zama rigar ciki, bargon ulun marigayi ya zama ta sama. Ki tambayi Roch ko a 1410 tsohuwa na iya tafiya ba takalmi, don ni ba zan ba da ɗari da hamsin ba. Na ji kuma wai har tabarau sai na cire. Zan cire.

Allah ya tsare ku,
Mama

Zgierz, 24 ga Yuli, 2006

Bogna 'yata,

Na iso lafiya, tafin ƙafata ne dai har yanzu yake ba ni labari. Ki ce wa Roch, kafin in cire tabarau na ga lokacin da ya juya ƙasan rigar Jagna ya daɗe yana kallo, kuma na ga abin da ya goge a idonsa.

Akwai abin da ban faɗa miki a can ba. Da babu tabarau ban ga komai a filin ba sai ƙura da launuka. Kalina ce ta riƙe hannuna ta ce, “Kaka, Baba ya faɗi.” Na san wasa ne, duk shekara yana faɗuwa, amma sai na kama addu'a. Aka busa ƙahon tashi, tana ta cewa wancan ya tashi, wancan ma ya tashi, ba ta ambaci babanta ba. Ban san addu'a nawa na yi ba kafin ta ce, “Ga shi can, Kaka, ya dafa garkuwa, ya miƙe.”

Da safe kuma na ji yaran suna faɗa a kan cokali, na ji shi yana dariya.

Rigunan yaran na bar musu faɗin yatsa uku a ƙasa, za su kai su baɗi. Ki aiko mini da ta Witold, na lura ta sake yi masa yawa a kafaɗa. Zan rage ta, amma ba zan sa almakashi ba. Kalmasa yadin kawai zan yi ta ciki, yadda zan iya sake buɗe shi.

Allah ya tsare ku duka,
Mama