Turmin Hajiya Fassouma a Akwatin Denver

Litinin, 28 ga Agusta, 2006

Tikiti ya fito. Asabar 16 ga Satumba zan tashi zuwa Denver, mu kwana biyu a can jiki ya saba da tsawo, sannan mu hau duwatsun Colorado. Mu shida ne daga ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta garin nan. Ni kaɗai ne ban yi jami'a ba. Ba komai. Sakandare ma a aji uku na tsaya, amma shagon hotona na Greensboro da hannuna na kafa shi, ba gado na ci ba.

Mista Malachy, tsohon nan na Irving Park da ke shugabantarmu, ya raba takarda: akwati biyu kowa, kowanne kada ya wuce laba hamsin, motar da za ta kwashe mu ba ta da wurin na uku. Shi ne fa ya taɓa duba hotunana, ya yi murmushi ya ce na iya hoton biki. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da kamara, tun ina ɗaukar hoton fasfo a kasuwar Taminus a Jos, wai na iya hoton biki! A Nuwamba za a rataye hotuna goma mafi kyau a wani gidan shayi a Elm Street. Ɗaya sai ya zama nawa. Dutse zalla, ba mutum ko ɗaya a ciki. Fulash ma ba zan ɗauka ba. Na gaji da "Amarya, ɗan karkato."

Laraba, 30 ga Agusta

Na auna kayana da sikelin banɗaki. Rigunan sanyi, takalmin hawa, bargon kwana mai zif, sandar kamara mai ƙafa uku, da Dogo a akwatinsa na ƙarfe: laba tamanin da biyu. Dogo shi ne babban lens ɗina mai janyo nesa kusa, shi kaɗai sha biyu ne. Saura sha takwas. Isasshe.

Rahina ta tsaya a ƙofa ta ce, "Baban Yasmina, mutum da matarsa da 'yarsa, ya rasa abin ɗauka hoto sai dutse?" Na ci gaba da awona.

Juma'a, 1 ga Satumba

Bakina ya ja mini. Bayan sallar Juma'a muna tsaye wajen motoci, Malam Zabeirou, mutumin Nijar, ya ce in zo in ɗauki hoton sunan jikansa ranar sha bakwai. Da na ce ina da uzuri, da shi ke nan. A'a, sai da na gyara tsayuwa na ce, yadda kowa zai ji, "Ina Denver lokacin, za mu hau dutse mai tsawon ƙafa dubu goma sha uku."

Ba wanda ya tambayi dutsen. Ko mutum ɗaya. Abin da na ji kawai: "Denver? Ai ƙanena yana can!"

Asabar, 2 ga Satumba

Ƙulli huɗu tun kafin azahar. Kilishi, kuka, daddawa, garin kunu. Kowa cewa yake ɗan abu ne, ba nauyi, azumi ya kusa. Ashe rabin mutanen Nijar na garin nan suna da ɗan'uwa mai tuƙin tasi a Aurora, gefen Denver.

Litinin, 4 ga Satumba

Na fara gwaji. Dachung ne ya ce in yi, mutuminmu na Jos, nas ne a asibiti a nan. Ya ce in goya jakar kamara da komai a ciki in riƙa hawa matakalar gidan ajiye motoci na cikin gari, hawa bakwai, sau biyar. Na ce masa ni da na hau dutsen Shere da silifas ina yaro? Ya ce, "Oga Iliya, lokacin ba ka da wannan tumbin. Kuma can sama iskar ba ta ƙosar da huhu, taku goma sai ka ji kamar ka yi gudu."

Sau biyu na hau. A na biyun na zauna a hawa na biyar ina duba kamara, kamar wani abu ya lalace a jikinta. Wata Baturiya ta tambaye ni ko a kira motar asibiti. Rashin ta-ido.

Talata, 5 ga Satumba

Laba goma sha ɗaya na saƙo. Rigar sanyina sabuwa fil tana warin daddawa.

Alhamis, 7 ga Satumba

Matar Djibrilla, wani ɗan masallacinmu, ta aiko man shanu a kwalbar mayonis. Tun watan jiya an hana shiga jirgi da abu mai ruwa a jakar hannu, kenan sai akwati, kusa da Dogo. Na ce wa Rahina a mayar. Ta zaro ido: "A mayar da saƙo? Ka taɓa ji? To kai ka kai mata da kanka, ni ina da fuskar da nake shiga mata da ita." Na naɗe kwalbar da leda biyar da safa.

Na ce a daina karɓa. Ta ce ba ita ta yi shela a masallaci ba.

Asabar, 9 ga Satumba

Laba sha takwas cif. An rufe. Na rubuta a kwali na manna a ƙofar shago: BA A KARƁAR SAƘON DENVER. Rahina ta cire kafin in juya.

Lahadi, 10 ga Satumba

Yau kam.

Da hantsi sai ga Hajiya Fassouma, tsohuwar nan ta Damagaram da ke zaune wurin ɗanta a Pleasant Garden. Da ƙyar ta hau matakala ukun ƙofarmu. Aka shigo da wani abu a buhu a bayanta, aka dire, ƙasa ta amsa. Turmi! Ƙaramin turmi na itace, ya yi baƙi don tsufa, da taɓaryarsa.

'Yarta Dalila ta haihu a Aurora, namiji, kwana goma sha biyu ke nan. Ta ce yajin jego ba a niƙa shi da inji, a wannan turmin aka daka mata nata, aka daka wa uwarta. Na ce Hajiya, akwai gidan waya, kwana huɗu ya isa. Ta dube ni kamar na zage ta. "Ɗana, turmin uwata zan ba wanda ban san sunan ubansa ba? Hannu da hannu ake kai shi. Sa shi a gefen baliz ɗinka, bai kai kilo biyar ba."

Na ce akwati ya cika. Ta ce, "To." Ta sha ruwa. Sannan ta ce da kanta za ta je, lokotoro, wato likita, ne ya hana, wai zuciyarta ba za ta ɗauki garin ba don yana bisa ƙwarai. Hoton da suka aiko ta kwamfuta kuwa, ta ce, yaron kamar dankali a cikin zani, ba ido ba hanci. "Tun da kai ne mai foto, ka ɗauko mini fuskarsa. Babba, irin wanda ake ratayewa."

Na ce ni ba hoton mutane zai kai ni ba, Hajiya, dutse zan ɗauka.

"Dutsen na wa ne?"

Ta tafi ta bar turmin a tsakar falo. Na auna. Sha ɗaya da rabi.

Litinin, 11 ga Satumba

Turmi yana nan. Yasmina ta zuba masa fensiranta.

Talata, 12 ga Satumba

Na kwashe komai na sake shiryawa sau uku. Na cire wando biyu, na cire tawul, na cire takalmin zama. Laba uku kacal. Rigar sanyi ba ta ciruwa, batura ba sa ciruwa, an ce sanyin can yana shanye su, sai ka ɗumama su a ƙirji kamar 'yan tsaki. Mai ƙafa uku ba ta ciruwa.

Na buga wa Malachy in tambayi akwati na uku. Ya ce a'a. Ya ƙara da cewa shi bai ga abin da zan yi da Dogo a can ba ma, dutse faɗi yake so, ba janyowa ba, tsuntsu ake ɗauka da irinsa. Shi ya sa zan tafi da shi. Shekara biyu ina ajiye da lens ɗin nan don rana irin wannan, ba wanda zai gan ni da ƙaramar jaka kamar mai yawon suna.

Laraba, 13 ga Satumba

Matakala kuma. Hawa na huɗu gwiwar hagu ta ce ba da ita ba. Na sauko a lif.

Na tambayi Dachung, a kaikaice, ko da gaske ne maganar zuciyar Hajiya. Ya ce shi ba zai faɗi abin mara lafiya ba. Sai ya ce, "In da ni ne mai kamara, ba zan jira azumi ya wuce ba."

Wa ya tambaye shi shawara?

Alhamis, 14 ga Satumba

Rahina tana ninke mini safa, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Ka tuna mutumin Bauchin nan?"

Na tuna. Shekarata ta biyu a ƙasar nan, ina lodin kaya a sito, ba ni da kowa. Wani mutum da ban taɓa gani ba ya sauka a New York, ya shiga bas har Greensboro, ya miƙa mini ƙullin yaji da kaset. Muryar Inna, minti arba'in tana lissafa mini wa ya yi aure wa ya rasu, tana cewa in riƙa rufe ƙirjina. Ba ta kai baɗi ba. Mutumin ko sunansa ban riƙe ba. Ruwa kawai ya sha ya koma tasha.

Na ce mata wannan daban. Ta ce, "Eh, daban ne," ta ci gaba da ninki. Wannan "eh" ɗin nata ya fi zagi.

Juma'a, 15 ga Satumba

An gama shiri. Akwati na farko arba'in da tara da rabi, na biyu hamsin daidai, sau biyu na auna.

Dogo yana shago, na kulle shi a kabad. Saboda gwiwa ne, ba wani abu ba. Duk mai hankali ya san ba a hawa ƙafa dubu goma sha uku da ƙarfe laba sha biyu a baya. Da ma na yi niyyar barinsa.

Turmin ya shiga daidai gurbin Dogo, kamar an auna. Na cusa safa da batura a cikinsa don kada wuri ya tafi a banza, taɓaryar na ɗaure ta da mai ƙafa uku. In masu bincike a filin jirgi suka buɗe, su suka sani.

Na kira Dalila, Lahadi da safe mijinta zai zo otal ya kwashe ni da kayan jama'a. Na ce ta sa wa yaron farar riga, kada mai zane-zane, ta kuma buɗe labulen tagar da ke kallon gabas. Malachy ya shirya mana yawon duba gari a lokacin. Su je.

Rahina ta ga fulash a jakar hannu ta ce, "Au, na ɗauka dutse ba ya son fulash?" Na ce ana haska duwatsun da ke kusa da shi, abin sana'a ne, ba za ta gane ba.

Kafin in rufe shago na ciro firam ɗaya, babban nan mai ruwan zinare da na ware don Elm Street, na goge shi na jingine a bayan kantar shago. Dutsen zai samu wani.